Ranar da Na Fito a Matsayin Babana

Shekara uku na yi ina kewar babana, alhali gida ɗaya muke kwana, bangon katako ne kawai tsakanin ɗakina da nasu. Ina jin tarinsa da asuba, ina jin ƙugin tsohuwar a-kori-kurarsa in zai tafi gonar tuffa. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Da ma hakan ya yi, da na samu sauƙi. Abin da ya yi shi ne ya mayar da ni baƙo a gidanmu. "Efraín, an tashi lafiya?" "Efraín, ga gishiri." Ladabi tsantsa, irin wanda yake yi wa mai gona.

Da can ba haka muke ba. Duk Asabar yakan ja mini babban yatsan ƙafa ya tashe ni, mu tafi gona tare. Shi ya koya mini tsinkar tuffa: ka tallafe ta a tafin hannu, ka ɗaga sama ka murɗa, ba fizga ba, sannan ka sa ta a jaka kamar kana ajiye ƙwai. Yana saman tsani, ina ƙasa, yana zuba mini labaran ƙauyensu na Michoacán, can ƙasar Meksiko inda ya baro. Rabin labaran ƙarya ne, kuma ya san na sani. Akwai wani jakin kakansa da duk shekara sai ya ƙara wayo, har ya kai ga yana buɗe ƙofa da haƙori ya rufo in ya fita.

Ni na ɓata wannan duka, da bakina, ina ɗan shekara goma sha uku.

Lokacin ina ƙaramar sakandare. Na ci jarrabawa da kyau aka kai ni ajin masu ƙoƙari, na tarar ni kaɗai ne ɗan Meksiko a ciki, ko da yake a asibitin garin nan aka haife ni, kamar su. Akwai wani yaro Garrett, shi ne shugaban masu neman magana. Da zarar na kwance ƙyallen da Amá, wato mahaifiyata, ke ƙunsa mini abinci, sai ya toshe hanci ya ce, "Wa ya buɗe masai?" Shi ya raɗa mini suna Ɗan Wake. Wataran ya tambaye ni, cikin fara'a kuwa, wai yaushe za a zo a kwashe mu a mayar Meksiko. Da abin ya ishe ni, sai na fara barin ƙunshin a kan teburin gida da gangan, in ce mantuwa na yi. Gara yunwa da dariyar Garrett.

Ran nan an tashi da ruwan sama. Muna zaune a ɗakin cin abinci na makaranta, Garrett ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Kai Ɗan Wake, ga wani can ya ɓato daga gona. Ba tsohonka ba ne?"

Sau ɗaya na ɗaga kai. Na ga bakin hula a ƙofa, na ga ƙyallen Amá mai jajayen furanni an ɗaga shi sama ana nuna mini. Na mayar da idona kan tebur. Na ce da Turanci, da ƙarfin da kowa zai ji, "Ban san shi ba."

Turancin Apá, wato babana, bai kai ya sayi allura da shi ba. Amma wannan maganar babu mai tsinkar tuffar da bai san ta ba, ita ake fara koya, saboda ranar da masu kakin shige da fice za su zo gona suna tambayar ina wane. Da na sake ɗaga kai, babu kowa a ƙofar.

Da yamma bai ce komai ba. Asabar ta zo, na kwanta idona biyu tun kafin asuba ina jira, har na ji motar ta tashi ta tafi.

To, sai ga mu a babbar sakandare, ina shekara goma sha shida. Farkon kakar tuffa wani ya rubuta wa Maricruz Olvera da fenti a jikin lokar da take ajiye littattafanta, wai su tattara su koma ƙasarsu. Shugaban makaranta ya tara mu ya yi jawabi na minti ashirin a kan zaman lafiya, aka tafa, aka watse, ko fentin ba a goge ba sai bayan kwana uku. Malama Quiroga, mai koya mana wasan kwaikwayo, ita ce ba ta haƙura ba. 'Yar guntuwar mace ce, amma muryarta in ta ɗaga har filin ƙwallo ake ji. Ta shigo aji da kwalin takalmi ta dire a kan tebur.

"Kowa ya rubuta abu ɗaya da ya faru da shi, na gaskiya, ba na talabijin ba. Ban da suna. Wanda ke tsoron a gane rubutunsa ya yi da hagu. A ciki za mu zaɓi ɗaya mu yi ɗan gajeren wasa, mu gayyato iyaye, mu gayyato gari."

Da hagu na rubuta. Har yau ban san abin da ya kai ni ba. Ina jin abin ne ya daɗe yana cina, ina so ko kwali ne ya sani.

Washegari Maricruz ta hau tebur tana karantawa, don tun kafin a yi zaɓe ta naɗa kanta mai ba da umarni. Wata ta rubuta yadda mai kanti ke binta layi-layi duk lokacin da ta shiga. Wani ya ce yana waya da kakarsa a bas, wata mata ta ce masa a nan Turanci ake yi. Kowace aka karanta sai a gyaɗa kai, don babu wanda bai ɗanɗana irinta ba. Sai ta zaro tawa. Tana karantawa muryarta na raguwa. Da ta kai ƙarshe ta dire takardar.

"Wannan ɗan iska ne," in ji ta. "Na rantse da kabarin kakata, da na san shi da na ci mutuncinsa. Amma shi za mu yi."

Baldomero, wanda muke kira Baldo, ya ce, "Ni fa wautarsa ce ta ba ni haushi. Ai sai ka karɓi abincin tukuna, sannan ka ce ba ka san mutum ba."

Aka yi dariya, har da ni, dariyar da ta fi kuka ciwo.

Malama ta ce, "Me ya sa wannan, Maricruz?"

"Sauran duk abin da suka yi mana ne, Malama. Wannan kuwa abin da suka sa muka yi wa kanmu ne."

Aka raba matsayi. Baldo zai fito a ɗan. Mai cin zalin aka ba wa Dustin, Bature ɗaya tilo a ƙungiyarmu, wanda kowa ya san ba son wasa ne ya kawo shi ba, son Maricruz ne. Ina can baya ina addu'a a ba ni jan labule, sai na ji ta ce, "Efraín, kai ne uban."

"Ni? Haba dai."

"Kai kaɗai gashin baki ya fara leƙowa. Kuma fuskarka kullum kamar an aiko maka da rasuwa. Ba sai ka yi wani ƙoƙari ba."

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Na karɓa.

Mako uku muna gwaji bayan an tashi. Dustin ne matsalarmu ta farko. Yaron nan ko ƙuda ba ya iya tsawata wa. Zai toshe hanci ya ce, "Wa ya buɗe masai?" sai fuskarsa ta yi jawur ya ƙara da, "Yi haƙuri, Baldo."

"Kai don Allah ka daina ba ni haƙuri!" in ji Baldo. "Ka zage ni da kyau! Kullum fa ana zagina kyauta, yau da nake roƙo an rasa mai yi."

"Kakata za ta zo kallo," in ji Dustin.

"To sai me? Ita ma ta ga abin da abokanka ke yi," in ji Maricruz. "Sake, daga farko!"

Ni na koya masa, a ƙarshe. Na ce masa kar ya ɗaure fuska, ya yi murmushi, ya faɗa kamar wasa yake, ya kalli abokansa ba wanda yake zagi ba. Ya gwada, sai ga Garrett a gabana sak. Maricruz ta kalle ni ta ce ashe ina da amfani.

Matsala ta biyu ita ce ƙarshen wasan. Takardar ta tsaya ne a inda yaron ya ɗaga kai bai ga kowa ba. Abin da uban ya yi bayan nan babu shi a ciki, don wanda ya rubuta bai sani ba. Maricruz tana so uban ya tako har tsakiyar dandamali ya yi jawabi mai zafi, ya ce da gumin bayansa aka ciyar da garin nan.

Na ce, "Ba zai yi jawabi ba."

"Ka san shi ne?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na kau da kai. Na ce, "Irinsu ba sa jawabi. Babanki yana yi?"

Ta ce, "Ba ya yi." Muka daidaita a kan uban zai kalli ɗan, ya jefa ƙunshin a kwandon shara, ya fita a sunkuye. Ni kaina na ga kamar haka ne zai faru. Shekara uku ina tambayar kaina inda ƙunshin nan ya kwana.

Sai maganar kaya. Maricruz ta ce in samo mafi dattin kayan aikin babana, don mutane su ga abin da yaron ya ji wa kunya. Na yi kwana biyu ina kewaya Apá kafin na iya. Na same shi a bayan gida yana wanke hannu a famfo.

"Apá, ko za ka ara mini tsohuwar hularka ta kaba, da jakar tsinka, da rigar aiki ɗaya?"

"Na mene ne?"

"Wasa za mu yi a makaranta."

Ya yarfe ruwan hannunsa. Na tsaya ina jira ya tambaye ni wane irin wasa, wa zan fito, ko na iya. Da ya tambaya, ina jin da a nan zan zube masa komai. Ya ce, "Suna bayan mota. In ka gama ka mayar." Ya wuce ciki.

Rabin zuciyata na fata kar ya zo, tunda Asabar ce kuma tsakiyar kaka, ba mai barin gona. Ɗaya rabin kuwa ba ta da buri sama da ya zo. Amá ce ta raba gardamar. Ta manna takardar gayyata a jikin firji ta ce, "Anselmo, ɗanka zai hau dandamali. Ko tuffar duniya za ta ruɓe, ƙarfe huɗu kana kusa da ni a kujera."

Ranar zauren ya cika. Turawan gari sun zauna a gaba, iyayenmu sun taru a baya kamar kullum, duk da akwai kujeru a tsakiya ba kowa. Mata sun jero tukwanen abinci a jikin bango, ƙamshin barkono da masara ya cika wurin. A bayan labule na sa rigar Apá mai yagaggen gwiwar hannu, na rataya jaka, na kifa hular kaba. Na ɗebo taɓo a gindin famfo na shafa a wando da kumatu. Ƙyallen ƙunshin na uwar Baldo ne, ban yarda na ɗauko na gidanmu ba.

Wasan ya fara. Maricruz na gefe da makirufo tana maimaita kowace magana da Sifaniyanci saboda iyaye. Dustin ya yi abin da ba mu taɓa zato ba, har na ji wani dattijo a baya yana cewa a riƙe shi kar ya tashi. Sai lokacina ya zo. Na fito ta gefe na tsaya a inda muka ce nan ne ƙofa, na ɗaga ƙunshin sama ina murmushi.

Daga nan na hango shi. Yana layin ƙarshe kusa da Amá, cikin farar rigarsa mai maɓallan azurfa, baƙar hularsa ta fita a kan gwiwa.

Dustin ya zunguri Baldo. Baldo ya ɗago, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ban san shi ba."

Sau wajen talatin na ji maganar nan a gwaji, amma ban taɓa jinta ba sai ranar. Ashe daga bakin ƙofa haka take. Hannuna na sama da ƙunshi, murmushi na fuskata, kuma ban san yadda zan sauke ko ɗaya ba. Mutum ɗari uku na kallona, yaron da na zo dominsa kaɗai ne ba ya kallona.

Kafin Maricruz ta gama fassarawa, Doña Chabela maƙwabciyarmu ta miƙe tsaye da sandarta. "Ɗan banza! Ubanka ne fa! Tashi ka karɓa!"

Aka kwashe da dariya, jikarta ta ja ta ta zauna, dariyar ta mutu nan take. Na taka zuwa kwandon, na saki ƙunshin, na fita a sunkuye. Sunkuyon ba na wasa ba ne.

An tafa mana har hannu ya yi zafi. Kakar Dustin ta rungume Baldo tana share hawaye, shi kuwa idonsa na kan tukwane. Malama ta sanar cewa ranar Laraba za mu maimaita wasan a ƙaramar sakandare. A can kuwa abin ya faru.

A hanyar gida mu uku ne a gaban mota, Amá a tsakiya da tukunya a cinya. Ita kaɗai ke magana.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana, har tafiyar ubanka ka kwaikwaya. Amma ni yaron nan ne ya tsaya mini a rai. Malama ta ce wai da gaske an yi haka, a garin nan. Wace uwa ce ta haifi wannan? Mutum ya taso takanas ya kawo maka abinci, ka ce ba ka san shi ba? Ina ma in san ko ɗan wa ne."

Apá ya ce, "Yaro ne, Herlinda."

"Yaro? Yaro bai san ubansa ba? Ko ɗan akuya ya san uwarsa."

"Yaro ne," ya sake cewa, idonsa na kan titi.

Na jingina goshina da gilashi ina kallon layukan itatuwa suna wucewa. A lokacin na gane Amá ba ta san komai ba. Shekara uku ya riƙe abin nan shi kaɗai, ko matarsa bai gaya wa ba.

Ran Lahadi bayan mun dawo daga coci, Amá ta tafi mayar wa Doña Chabela tukunya, wanda duk mun san hira ce ta awa biyu. Ina ɗakina na ji ya kira ni.

"Efraín, zo."

Rabona da shiga ɗakinsu har na manta. Yana zaune a bakin gado daga shi sai singileti. Ya shimfiɗa farar rigar a kan gado, baƙar hular na gefenta, dogayen takalmansa na fata suna ƙasa suna ƙyalli.

"Wasanku ya yi kyau," ya ce. "Amma akwai kuskure."

Na tsaya a bakin ƙofa.

"Mutumin nan ba da tsummokara ya je ba."

"Apá…"

"Bari in gama. Kai tun da kake, ka taɓa ganin na shiga coci, ko ofis, ko makaranta da kayan gona?" Ya ɗora hannu a kan rigar. "An yi ruwa ran nan, aka sallame su da wuri, don jiƙaƙƙiyar tuffa ba ta son hannu. Ya dawo gida ya ga ƙunshin a kan tebur. Ya yi wanka. Ya yi aski, har ya yanke a nan ƙasan haɓa saboda sauri. Ya goge rigar nan da kansa, tunda matarsa na wurin aiki, saura kaɗan ya ƙona wuyan. Ya shafa wa takalmi mai. Ya sauko da hula daga kwali. Makarantar ɗansa ce za shi, kuma ajin masu ƙoƙari. Ba ya so ya ba shi kunya."

Na lalubi ƙwaƙwalwata ina neman ranar. Bakin hula na gani, da ƙyalle. Shi ke nan. Taɓon da yagaggiyar rigar da jakar, duk ni na sa masa su da kaina. Garrett ya ce ga wani daga gona, ni kuma na ari idon Garrett na kalli ubana, ban ma tsaya na gan shi ba. Shekara uku ina tuna shi cikin datti, alhali cikin mafi kyawun abin da ya mallaka ya zo mini.

"Na biyu," ya ce. "Abinci ba a zuba shi a shara. Wa ya koya muku wannan? Mace ta tashi ƙarfe huɗu na asuba ta murza tortiya, wainar masararmu, da hannunta, sai a zubar?"

Na ce, "To me ya yi da shi?"

Ya kalli tafin hannunsa.

"Na zauna a mota na ci," ya ce. "A nan wurin ajiye motocin malamanku. Guda huɗu ne, wake da ƙwai, ta sa maka barkono kaɗan yadda kake so. Ba na jin yunwa. Amma in na koma da shi uwarka za ta tambaya. Na cinye, na kakkaɓe ƙyallen, na ninke. Na dawo gida na cire kayan na mayar inda suke kafin ta dawo."

 Na durƙusa a gabansa, kuka ya ƙwace mini irin wanda rabona da shi tun ina ƙarami. Na ce, "Ka yafe mini, Apá. Kunyarka na ji, kuma tun ranar nake jin kunyar kaina. Kullum ina so in faɗa maka, in na ga fuskarka sai in kasa. Na yi kewarka, Apá. Na yi kewarka ƙwarai."

Ya ɗora mini hannu a ka. Hannun ya yi nauyi, kaushinsa na kama gashina.

"Na zaci fushi kake da ni," na ce.

"Na yi fushi, na mako ɗaya. Bayan nan ba fushi ba ne." Ya ja numfashi. "Cewa na yi, yaron nan hanyarsa daban ce, gaba zai yi. In ganina na ja masa dariya, bari in matsa in ba shi wuri. Na matsa. Kai ma ka matsa. Na ga ka matsa na ce to ashe haka kake so, na ƙara matsawa." Ya girgiza kai. "Jiya da na gan ka da hannu a sama ka kasa saukewa, na ce a raina, wannan ba koya masa aka yi ba. Ni babba ne, ni ya kamata in yi magana tun tuni. Wautar ba taka ce kai kaɗai ba."

Ya goge idonsa da bayan hannu, ya yi gyaran murya, kamar wanda aka kama yana abin kunya.

"Tashi, tashi, kar uwarka ta dawo ta same mu kamar an yi mutuwa. Laraba ba zan samu zuwa ba, ranar muke gama tsinkar jajayen tuffa. Amma ka gaya wa yarinyar nan mai makirufo ta gyara wasanta. Da waɗannan kayan za ka fito. Kuma ka zauna ka ci abincin a gabansu, ka cinye, kar ka rage. Yaran can su ga mutumin yadda ya zo."

"In ta ƙi fa? Ba ka san Maricruz ba."

"Ka ce mata mai abin ne ya aiko ka."

Na kalle shi. Ya san abin da hakan ke nufi, ni ma na sani. Ranar Litinin zan tsaya gaban Maricruz da Baldo da Malama in ce ni ne ɗan iskan. Na ji tsoro, amma ba kamar da ba.

"Cire wannan, gwada mu gani," ya ce.

Na cire rigata. Ya ɗauki farar da hannu biyu, ya riƙe mini ta baya na zura hannuwa. Ƙamshin sabulunsa na jikinta. Ya zagayo gabana ya fara ɓalla maɓallan daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, da yatsunsa masu tsagewa. Na ƙirji ya ɓallu da ƙyar. Na wuya ya ƙi sam. Ya koma kan hannu, ya ja bakin hannun rigar don ya kai wuyan hannuna, bai kai ba, saura kusan yatsa uku. Ya sake ja. Ya gwada ɗaya hannun, shi ma haka.

Ya ja da baya taku ɗaya. Sai da ya ɗaga kai kafin idonsa ya sami nawa.

"Yaushe?" ya ce. "Yaushe ka wuce ni?"

Ni ma ban sani ba. Na kai hannu zan cire rigar kar in yaga masa ita, ya riƙe hannuna.

"A'a, bar ta," ya ce. "Tsaya haka, kar ka motsa. Bari in gan ka."